Arnold Beckman: ɗan maƙerin da ya ƙera na'urar auna tsami da iskar oksijin

Idan an taɓa ɗibar jininku a asibiti aka kai ɗakin gwaje-gwaje, wataƙila kun hango sunan Beckman Coulter a jikin wata babbar na'ura. Beckman sunan mutum ne, kuma ba likita ba ne. Masanin sinadarai ne, da lemon tsami ma ya fara.

An haifi Arnold Beckman a 1900 a Cullom, wani ƙaramin gari a jihar Illinois ta Amurka. Mahaifinsa maƙeri ne. Yana ɗan shekara 9 ya tsinci wani tsohon littafin ilimin sinadarai a gidansu, ya shiga gwada abin da ya karanta. Ya yi digiri a Jami'ar Illinois, ya yi aiki na ɗan lokaci a kamfanin tarho inda ya laƙanci kayan lantarki, sannan ya kammala digirin digirgir a Caltech da ke Kalifoniya a 1928, aka riƙe shi malami.

A 1934 wani abokin karatunsa, Glen Joseph, da ke aiki da ƙungiyar manoman lemo, ya kawo masa kuka. Yana son sanin ƙarfin tsamin ruwan lemo, amma tsinken gilashin da ake tsomawa a ciki wutar da yake bayarwa ba ta da ƙarfi. In an yi gilashin siriri don a samu karatu, sai ya fashe. Beckman ya ɗauko dabarar da ya koya a kamfanin tarho: a bar gilashin da kaurinsa, a ƙara wa wutar ƙarfi da irin kwan da ke cikin rediyon wancan zamani. Ya haɗa komai a akwati guda da ake iya ɗauka. Daga nan ya shiga sayar da ita, har a 1939 ya ajiye koyarwa ya rungumi kamfanin.

Me ya haɗa ku da wannan? Jini ma yana da ma'aunin tsami, wanda muke kira pH, kuma tsakanin 7.35 da 7.45 yake zama. Mai ciwon suga da ya daina allurar insulin, ko wanda ƙodarsa ta gaza, jininsa na iya yin tsami har ya riƙa numfashi mai zurfi, ya suma. Na'urorin da ke gaya mana hakan a yau bisa wannan tsari na tsinken gilashi da lantarki suka taso.

A 1941 ya fitar da wata na'ura mai suna DU, wadda ke haska ruwa ta auna hasken da ya shanye, ta haka a gane abin da ke cikinsa da yawansa. Kafin ita, auna bitamin A a abinci sai an ciyar da ɓeraye na kusan mako uku. Da ita, mintuna kaɗan. Yawancin gwajin hanta da ƙoda da ake muku har gobe da haske ake karanta su.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na'urar oksijin. Linus Pauling ne ya ƙirƙiro ta a 1940 don sojoji, bisa lura da cewa maganaɗisu na jan oksijin, Beckman kuma ya karɓi ƙera ta da yawa. A waɗannan shekaru asibitocin Amurka da Turai na cika kwalbar bakwaini da oksijin ba tare da awo ba, da kyakkyawar niyya. Jarirai dubbai suka rayu amma suka makance, domin oksijin mai yawa yana lalata jijiyoyin jinin bayan ido da ba su gama ƙosawa ba. Mawaƙi Stevie Wonder, da aka haifa a 1950, yana cikinsu. Da likitoci suka gano dalili a farkon shekarun 1950, sai aka rage iskar, wasu wuraren ma fiye da kima, har mace-mace da lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Ashe ba ragewa ko ƙarawa ake buƙata ba, awo ake buƙata, kuma na'urar Beckman ta shiga ɗakunan jarirai don wannan aiki.

Shi ya sa idan jaririnku na kwalba, kada ku taɓa makunnin oksijin ko da kun ga kamar yana wahala. Ku kira nas. In kuma an sallame ku, ku tambaya yaushe za a duba idanunsa, domin ciwon ba ya nuna alama da wuri, kuma ana iya magance shi idan an kama shi a makonnin farko.

Kamfanin ya koma Beckman Instruments a 1950, ya fitar da na'urar auna sugan jini a 1969, ya sayi kamfanin Coulter mai na'urar ƙirga ƙwayoyin jini a 1997, kafin Danaher ya saye shi a 2011. Beckman da matarsa Mabel sun kafa gidauniya a 1977 wadda ta zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a binciken kimiyya. Mabel ta rasu a 1989, shi kuma a watan Mayun 2004, yana da shekara 104.