Terry Nation: Marubucin Barkwancin Da Rashin Aiki Ya Tura Shi Yaƙin Sararin Samaniya

Mu 'yan Daura mun tashi da labarin macijiyar rijiyar Kusugu, wadda ba ta barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare mata kai ya auri sarauniya. A labarinmu jarumi ne ke nasara. Yau kuwa tarihin wani Bature na kawo muku, wanda a nasa labaran sau da yawa macijiyar ce ke tashi da rinjaye.

Sunansa Terry Nation. An haife shi ranar 8 ga Agusta 1930 a Cardiff, babban birnin yankin Wales na Birtaniya. Yana yaro Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jiragen Jamus suka riƙa ruwan bama-bamai a garinsu. Wannan tsoron bai taɓa barinsa ba, duk abin da ya rubuta daga baya akwai ƙaurinsa a ciki.

Da ya girma ya ɗan taɓa tallan kujeru a kasuwancin mahaifinsa, amma ransa na kan wasan barkwanci. Ya hau dandamali, jama'a suka ƙi dariya. Sai ya gane cewa rubutun ya iya, faɗar ce ba tasa ba. Ya tattara ya koma Landan yana rubuta wa wasu, har ya samu shiga wurin Tony Hancock, babban ɗan barkwancin Ingila na lokacin.

A 1963 BBC ta nemi ya rubuta wa wani sabon shirin yara mai suna Doctor Who. Gogan naka ya raina tayin. Ba a jima ba suka ɓata da Hancock, ya wayi gari ba aiki, ga iyali. To, ka san yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. Ya dawo ya karɓi abin da ya raina, ya rubuta kashi bakwai a gurguje. A ciki ne ya ƙirƙiro Dalek, wasu halittu na duniyar Skaro da yaƙin nukiliya ya nakasa, suka koma rayuwa cikin sulken ƙarfe, ba su da buri sai shafe duk wanda ba irinsu ba. 'Yan Nazi ya hango ya zana su. An fara haska labarin ranar 21 ga Disamba 1963, kafin ka ce kwabo yaran Birtaniya sun rikice a kansu.

Nan fa nake so marubutanmu na WhatsApp da masu kai wa furodusoshin Kannywood labari su buɗe kunne. Nation ba ma'aikacin BBC ba ne, kuma wakiliyarsa Beryl Vertue ta tsaya har ya riƙe haƙƙin mallakar Dalek. Kowane abin wasan yara, kowane littafi, da finafinan silima biyu na 1965 da 1966, duk yana da kasonsa, har ya sayi katafaren gida a Kent. Shi kuwa Raymond Cusick, wanda ya zana siffar da duniya ta san Dalek da ita, ma'aikacin albashi ne, 'yar kyauta aka ba shi wadda ba ta taka kara ta karya ba. A ganina an ci gumin Cusick, don ba don zanensa ba da ƙyar yara su damu da su. Amma takarda ce ta raba gardama.

Aikinsa da ya fi kwanta mini shi ne Blake's 7, wanda aka fara ranar 2 ga Janairu 1978. Wata gwamnatin zalunci ce ke mulkin duniyoyi, tana zuba wa talakawa maganin kashe zuciya a abinci da ruwan sha don kada su yi bore. Aka ƙulla wa ɗan adawa Roj Blake sharri, aka yanke masa zaman kaso a wata duniyar. A hanya ya tsere da wani jirgin sararin samaniya, Liberator, tare da 'yar fasa-ƙwauri, da Avon, gwanin kwamfuta wanda bai yarda da kowa ba sai kansa. Ba waliyyai ba ne, kullum cikin zargin juna suke, shi ma Blake ɗin wani lokaci sai ka rasa ko ɗan gwagwarmaya ne ko mai tsattsauran ra'ayi. Nation shi kaɗai ya rubuta kashi 13 na zangon farko. Kuɗin shirin kaɗan ne ƙwarai, a wuraren fasa dutse ake ɗauka a ce wata duniya ce, amma miliyoyin mutane ke zaman kallo saboda labarin.

A ƙarshen zango na uku, da alƙalaminsa ya tarwatsa Liberator. A 1980 ya koma Los Angeles ta Amurka, inda ya yi aiki a shirin MacGyver, sai dai tauraronsa bai haska a can kamar a gida ba. Kashi na 52, na ƙarshe, Chris Boucher ne ya rubuta shi: Avon ya harbe Blake bisa zaton ya ci amanarsu, sojojin gwamnati suka bindige sauran. An haska shi ranar 21 ga Disamba 1981, shekara 18 cif da fara labarin Dalek.

Ciwon huhu ya yi ajalin Nation ranar 9 ga Maris 1997, yana da shekara 66. A 2004, da BBC za ta farfaɗo da Doctor Who, sai da ta zauna da magadansa. Tattaunawar har ta taɓa wargajewa, aka sanar cewa ba Dalek a sabon shirin, kafin daga baya a sasanta su fito a 2005.