Marigayi Joseph Sarwuan Tarka: Malamin Makarantar Da Ya Zama Bakin Ƙananan Ƙabilun Arewa

A wannan mako za mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda iyayenmu da kakanninmu suka san sunansa sarai, amma yaranmu na yanzu, daga Unguwar Sanusi har Kakuri da Sabon Tasha, da yawansu sai dai su ji sunan a jikin makaranta ko filin ƙwallo. Wannan kuwa shi ne Joseph Sarwuan Tarka, ɗan ƙabilar Tibi, wanda ya shiga majalisa yana da shekara 22, ya kuma bar duniya yana ɗan majalisa.

An haife shi ran 10 ga watan Yuli 1932 a Igbor, cikin ƙasar Tibi ta Lardin Binuwai. Mahaifinsa Tarka Nachi malamin makaranta ne, daga baya ya zama sarkin yankin Mbakor. Yaron ya yi firamare ta En'e a Gboko, ya wuce Midil ta Katsina-Ala, sa'an nan ya tafi Bauchi ya koyi aikin koyar da ilmin gona. Da alli a hannu siyasa ta same shi.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu tuna yadda Arewa take a lokacin. Jiha ɗaya ce tak, daga Sakkwato har Makurdi, hedkwatarta Kaduna, majalisarta kuma tana zama a Lugard Hall. Jam'iyyar NPC ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ita ke riƙe da gwamnati, akasarin En'e-En'e kuma suna bayanta. To, ƙananan ƙabilun kudancin jihar, waɗanda yawancinsu Kirista ne ko masu bin addinin gargajiya, sai tsoro ya kama su cewa in Turawa suka tafi ba za a ƙara jin muryarsu ba. Wannan tsoro shi ya haifi ƙungiyar Middle Zone League a ƙarƙashin Fasto David Lot, da wata jam'iyyar mai suna Middle Belt People's Party. A 1955 biyun suka haɗu suka zama UMBC, buƙatarsu kuwa ɗaya ce: a yanka wa mutanen tsakiyar ƙasa jiharsu ta kansu.

Tarka ya fara cin zaɓe a 1954, inda ya sami kujerar mazaɓar Jemgbagh a Majalisar Wakilai ta Tarayya a Ikko. A wannan karon ba kai tsaye talakawan Arewa suka yi zaɓe ba, wakilai ne ke zaɓen wakilai, hawa-hawa. A 1957 aka ɗora shi kan shugabancin UMBC, alhali akwai dattawa a jam'iyyar. Waɗansu daga cikin dattawan suna ganin gara a shirya da NPC a sami ɗan abin da za a samu daga ciki. Shi kuwa ya ga in an shiga inuwar NPC, maganar sabuwar jiha ta mutu ke nan. Sai ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar Action Group ta Cif Obafemi Awolowo, wadda ke goyon bayan ƙirƙiro jihohi, take kuma da kuɗi da lauyoyi.

A shekarar ce ya je taron tsarin mulki a London, inda aka yarda a kafa kwamitin Sir Henry Willink domin ya binciki koke-koken ƙananan ƙabilu. Kwamitin ya zaga ƙasa, ya saurari jama'a, amma a rahotonsa na 1958 bai yarda a ƙirƙiro jiha ba. Abin da ya ba da shawara shi ne a rubuta 'yancin ɗan Adam cikin tsarin mulki, har da 'yancin addini. Wannan kariya ta amfane mu har yau, amma ba ita kaɗai Tarka ya je nema ba.

Zaɓen 12 ga Disamba 1959 shi ne karo na farko da mazan Arewa suka zaɓi wakilan tarayya kai tsaye. Mata kuwa sai a 1976 suka sami wannan dama. Kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta: NPC fartanya, NEPU tauraro, Action Group itacen kwakwa. Cikin kujeru 174 na Arewa, NPC ta kwashe 134, Action Group da abokanta suka sami 25. A ƙasar Tibi kam, UMBC ta yi wa NPC fintinkau, Tarka ya koma kujerarsa.

Nan fa wahala ta soma. Jama'a na bayan UMBC, amma En'e da sarakunan gunduma da kotuna da masu karɓar haraji suna hannun NPC. Wanda aka san ya jefa wa kwakwa ƙuri'a sai ya ga an matsa masa da haraji ko sammaci. A 1960, ana dab da samun 'yancin kai, ƙasar Tibi ta kama da wuta, aka ƙone gidaje masu ɗimbin yawa, aka kama dubban mutane, aka kuma ɗora wa jama'a tara ta bai ɗaya. A 1964 rikicin ya sake tashi fiye da na farko, aka yi hasarar rayuka da yawa, har sai da aka tura soja. Gaskiya ɗaya ce, 'yan'uwa: an zalunci Tibi, amma waɗanda aka ƙone wa gidaje aka kashe, su ma akasari Tibi ne. Wutar siyasa ba ta tambayar katin jam'iyya.

A tsakanin rikice-rikicen nan ne Tarka ya yi wani abu da ya kamata a riƙa gaya wa yara. Alhaji Ibrahim Imam, Babarbare kuma Musulmi, wanda ya taɓa zama babban sakataren NPC kafin ya koma hamayya, ya rasa wurin tsayawa a Barno saboda matsin da aka yi wa jam'iyyarsa. A zaɓen Majalisar Jihar Arewa na 1961, Tarka ya kawo shi ƙasar Tibi, ya roƙi mutanensa su zaɓe shi, suka kuwa zaɓe shi. A wannan zaɓe NPC ta ci kujeru 160 cikin 170. Ke nan, daga cikin 'yan kujerun da suka rage wa masu hamayya a Lugard Hall, manoman Tibi sun ɗauki guda sun ba baƙo wanda ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba.

A 1962 aka haɗa Tarka da Awolowo cikin shari'ar cin amanar ƙasa. An ɗaure Awolowo shekara goma a 1963, amma kotu ta sallami Tarka. Bai yi sanyi ba, sai ya haɗa kai da NEPU ta Malam Aminu Kano suka kafa Northern Progressive Front, wadda ta shiga babbar gamayyar UPGA. Zaɓen 30 ga Disamba 1964 ya zo da rigima da ƙaurace wa rumfuna. NPC ta ɗauki 162 cikin kujeru 167 na Arewa, gamayyar su Tarka ta tsira da huɗu. Haka aka tafi har soja suka kifar da gwamnati ran 15 ga Janairu 1966.

Abin da ƙuri'a ta kasa kawowa, sai ga shi ya zo ta hannun soja. Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, cikinsu har da Binuwai da Filato a haɗe. Ya kuma naɗa Tarka Kwamishinan Sufuri na Tarayya, daga baya ya koma Ma'aikatar Sadarwa. Murtala Muhammed ne ya ba Binuwai jiharta ita kaɗai a watan Fabrairu 1976, da hedkwata a Makurdi.

Ba za mu ɓoye wurin da ya yi tuntuɓe ba. A 1974 wani ɗan ƙabilarsa, Godwin Daboh, ya yi rantsuwa a kotu yana zarginsa da cin hanci. Tarka ya musanta, amma jaridu suka hura wuta har ya ajiye muƙaminsa a wannan shekara. Mutane da yawa suka ɗauka tasa ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, sai ga Tarka cikin iyayen jam'iyyar NPN, kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin 'yan NPC da ya yi shekaru yana yaƙa. Waɗansu suka ce ya sayar da gwagwarmaya. Magoya bayansa kuwa suka ce tun da an sami jiha, zaman hamayya ba zai kawo hanya ko asibiti ba. Ya nemi NPN ta tsai da shi takarar shugaban ƙasa a watan Disamba 1978, Alhaji Shehu Shagari ya yi nasara. A watan Yuli 1979 jama'arsa suka zaɓe shi Sanata, ya shugabanci kwamitin kuɗi na Majalisar Dattijai. Binuwai ta bi shi: Aper Aku na NPN ya zama gwamna, Shagari ya sami fiye da kashi 70 cikin ɗari na ƙuri'un jihar, ɗansa Simeon Tarka kuma ya shiga Majalisar Wakilai. Maƙwabtansu na Filato kuwa suka bi Solomon Lar da NPP.

Bai daɗe a kujerar ba. Ciwo ya kama shi, ya rasu a London ran 30 ga Maris 1980 yana da shekara 47, aka kawo gawarsa gida Gboko. Yau akwai Ƙaramar Hukumar Tarka mai hedkwata a Wannune, Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Makurdi ma sunansa take amsawa.

To, 'yan'uwa, me za mu ɗauka? Tarka ba waliyyi ba ne, mutum ne mai rauni kamar kowa. Amma ya nemi haƙƙin mutanensa ba tare da ya mai da Musulmi abokin gaba ba. Da Ibrahim Imam da Aminu Kano ya yi tafiya. Mu da muke zaune a garin da aka sha zubar da jini da sunan addini, muna bukatar wannan darasi. Mutanensa kuma sun riƙe ƙuri'arsu a lokacin da riƙe ta ke jawo tara da kurkuku. In ranar zaɓe ta zo, wani ya miƙo maka sabulu ko 'yan kuɗi, ka tuna da manoman nan. Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, Ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.