Walter Reppe

Walter Julius Reppe (29 ga watan Yuli, 1892 – 26 ga watan Yuli, 1969) masanin ilimin sinadarai ne ɗan ƙasar Jamus. An fi saninsa da binciken iskar asitilin da kuma ƙirƙiro sinadarin polibinilpirolidon, wato PVP, wanda ke narkewa a ruwa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Göringen, kusa da garin Eisenach. Ya yi karatu a jami'o'in Jena da Munich, ya sami digirin digirgir a shekarar 1920. A 1921 ya kama aiki a kamfanin BASF da ke Ludwigshafen, wanda ya shiga cikin IG Farben a 1925.

Bincike

Tun 1928 Reppe ya duƙufa kan asitilin. Iska ce mai saurin fashewa idan aka matse ta, shi ya sa masana'antu ke ɗari-ɗari da ita. Reppe ya ƙera kayan aiki da dabarun sarrafa ta cikin matsi ba tare da ta fashe ba. Wannan ya buɗe hanyar haɗa sinadarai masu yawa daga gawayin ƙasa, a lokacin da Jamus ke ƙarancin man fetur. Har yau ana kiran wannan fanni da sunansa.

Sinadarin PVP

A 1939 aka yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar PVP. Gari ne fari da ke tsotse danshi, yana narkewa a ruwa, yana da danƙo, idan ya bushe kuma yakan bar siririn rufi. A Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa ɗura wa sojojin Jamus da suka zubar da jini ruwansa, mai suna Periston, a madadin ruwan jini. Daga baya aka daina, domin manyan ƙwayoyinsa na taruwa a jiki.

A yau ana amfani da shi wajen ɗaure garin magani ya zama ƙwaya, da haɗa gam, tawada da man feshin gashi. Idan aka gauraya shi da aidin, ana samun maganin wanke rauni irin su Betadine.

Ƙarshen rayuwa

Bayan yaƙin, sojojin Amurka sun tsare shi na wani lokaci. Daga 1949 zuwa 1957 ya shugabanci sashen bincike na BASF. Ya sami lambar yabo ta Werner von Siemens a 1960. Ya mutu a birnin Heidelberg.