Alhaji Mamman Shata Katsina

An haifi Mamman Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Ubansa, Ibrahim Yaro, Bafillace ne, bai kuwa yarda ɗansa ya yi waƙa ba, gama a ganinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa abin kunya ne ga ɗan asali. Sai yaron ya shiga tallar goro da alewa. Amma ko a kasuwa ko a dandali bakinsa bai rufu ba, har waƙa ta rinjayi ciniki, ya bar gida, ya zauna Bakori, daga baya Funtuwa.

A wancan zamani manyan mawaƙa na fada ne, kowane da ubangidansa, kamar yadda Narambaɗa ya ke wurin Sarkin Gobir na Isa. Shata ya ɗauki kalangu, watau kiɗan mahauta, ya shiga duniya da shi. Ya wasa sarakuna, ya wasa attajirai da direbobin mota, ya ƙarfafa zukatan soja cikin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wanda ya saɓa masa kuwa ya sha zambo. Abin mamaki, ba ya zama ya tsara waƙa. Da makaɗa sun ɗauko, 'yan amshi sun kama, sai magana ta yi ta zuba. A ganinmu babban aikinsa shi ne ya nuna talaka ma ya isa a kira sunansa a ji har a rediyo.

Irin wannan ta faru a Amurka, inda jikokin bayi, irin su Charley Patton wanda ya rasu a 1934, suka riƙa waƙar wahalar talaka da kiɗan da a ke kira bulus, masu ibada cikinsu suna ce masa kiɗan Shaiɗan. Mu ma malamanmu na allo ba su yafe wa Shata waƙarsa ta mashaya ba, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Duk da haka mu mutanen Yako mun tashi muna jin muryarsa cikin motocin da ke tsayawa Kwanar Dangora.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Kano ran 18 ga watan Yuni, 1999, aka binne shi a Daura, garin masoyinsa Sarki Muhammadu Bashar. Allah ya jiƙansa.