Joseph Mohr: Limamin talakawa da ya rubuta shahararriyar waƙar Kirsimeti, aka kusa mance sunansa

A duk daren 24 ga Disamba, coci-coci daga Ostiriya har zuwa Jos suna rera wata waƙa mai sanyin amo da Jamusawa ke kira Stille Nacht, masu Turanci kuma Silent Night. An fassara ta zuwa harsuna fiye da 300. Wanda ya tsara baitocinta, Joseph Mohr, ya rasu a wani ƙauye cikin tsaunuka bai bar dukiya ba, kuma an daɗe ana rera waƙar ba a ambatonsa. Takardun da suka rage game da shi suna nuna cewa waƙar ta fito ne daga cikin yunwa, da raunin yaƙi, da al'ummar da masu mulki suka tsaga gida biyu.

An haifi Mohr ranar 11 ga Disamba, 1792, a birnin Salzburg, wanda yau yake cikin Ostiriya. Mahaifiyarsa, Anna Schoiber, da saƙa take ciyar da kanta. Mahaifinsa, Franz Mohr, soja ne da ya gudu daga bakin aiki tun kafin a haifi yaron, kuma babu aure tsakaninsu. A wancan zamani irin wannan haihuwa tabo ce da ke bin mutum har kabari. Sunan da aka rubuta a rajistar coci a matsayin uban baftismar jaririn shi ne Joseph Wohlmuth, haunin birnin na ƙarshe.

Muryarsa ce ta buɗe masa hanya. Johann Nepomuk Hiernle, wani limami mai kula da mawaƙan babban cocin Salzburg, ya lura da basirar yaron, ya tsaya masa ya yi karatu. Mohr ya yi waƙa, ya kuma kaɗa goge a ƙungiyoyin mawaƙan coci, sannan ya ƙaro ilimi a Kremsmünster. Da ya nemi shiga makarantar horar da limaman Katolika a 1811, sai da aka ba shi izini na musamman saboda yanayin haihuwarsa. An naɗa shi limami a 1815, aka tura shi Mariapfarr, wani ƙauye mai tsananin sanyi. A can ya rubuta baitoci shida a 1816.

Shekarar tana da muhimmanci. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun ƙare ke nan, bayan Salzburg ta yi ta sauya iyayengiji: Ostiriya, Faransa, Bavariya, sannan Ostiriya kuma. Aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya a 1815 ya dagula yanayi a Turai, amfanin gona ya lalace, abinci ya yi tsada. A 1816 ɗin ne kuma yarjejeniyar Munich ta mai da kogin Salzach iyakar ƙasa. Garin Laufen ya faɗa hannun Bavariya, unguwarsa ta ƙetaren kogi, Oberndorf, ta koma Ostiriya. Dangi da maƙwabta suka wayi gari 'yan ƙasashe biyu. Mutanen Oberndorf, waɗanda akasarinsu dakon gishiri suke yi a jiragen ruwa, suka ga sana'arsu tana tangal-tangal.

Cikin wannan hali aka kawo Mohr cocin Saint Nicholas na Oberndorf a 1817, a matsayin mataimakin limami. Ya saki jiki da masu jiragen, yana zama cikinsu, yana kaɗa jita. Hakan bai yi wa shugabansa, Georg Heinrich Nöstler, daɗi ba. A 1818 Nöstler ya kai ƙararsa ga hukumar coci a Salzburg, yana zarginsa da sakaci da aiki da rera waƙoƙin da ba su dace da limami ba. An bincika, ba a same shi da laifi ba.

Ranar jajibirin Kirsimeti ta shekarar, Mohr ya kai baitocinsa ga Franz Xaver Gruber, malamin makaranta a ƙauyen Arnsdorf wanda ke yi wa cocin kiɗa. Ya roƙe shi ya sa musu karin da zai dace da muryoyi biyu, da 'yan amshi, da jita. A daren suka rera ta tare gaban jama'a, Mohr na kaɗa jitar.

Akwai labarin da ya bazu cewa ɓeraye ne suka cinye cikin ogan, babban abin kiɗan cocin mai bututu, shi ya sa aka koma ga jita. Labari ne mai daɗin ji, amma bayanin da Gruber ya rubuta da hannunsa bai ambaci ɓera ba. Wani abin da ya fi cancantar a lura da shi yana cikin baitocin kansu. Baiti na huɗu yana magana kan 'yan'uwantaka tsakanin al'ummomin duniya, saƙo mai nauyi ga mutanen da suka ga sojoji suna shiga suna fita garinsu. Fassarar Turanci da John Freeman Young ya wallafa a 1859 ta ɗauki baiti uku ne kawai, kuma wannan ba ya cikinsu.

Mohr ya bar Oberndorf a 1819. Waƙar kuwa ta kama tata hanyar. Wani mai gyaran ogan, Karl Mauracher, ya tafi da ita kwarin Zillertal da ke yankin Tirol. Daga can iyalan Strasser da Rainer, mawaƙa masu yawo, suka kai ta Leipzig a farkon shekarun 1830, suka kai ta New York a 1839. An buga ta a matsayin waƙar gargajiyar Tirol. Wasu suka jingina karinta ga Michael Haydn, wasu ga Mozart.

Shi kuwa marubucin ana ta sauya masa wurin aiki daga wannan ƙauye zuwa wancan, har ya zama limamin Hintersee a 1827, sannan Wagrain a 1837. A Wagrain ya jajirce aka gina sabuwar makaranta a 1838, ya kafa asusun biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin karatu. Ya kuma kula da tsofaffin barorin gona, waɗanda idan ƙarfinsu ya ƙare ake zagayawa da su gida-gida don samun abinci da makwanci. Mafi yawan abin da yake samu a nan ya tafi. Ciwon huhu ya yi ajalinsa ranar 4 ga Disamba, 1848, saura mako guda ya cika shekara 56.

Takardu biyu ne suka dawo masa da haƙƙinsa. A 1854 ƙungiyar mawaƙan fadar sarkin Prussia da ke Berlin ta aika tambaya Salzburg kan asalin waƙar. Gruber, wanda ke raye a lokacin, ya rubuta bayani ranar 30 ga Disamba, ya fayyace cewa baitocin na Mohr ne, karin kuma nasa. Duk da haka shakku bai gushe ba sai a 1995, da aka gano wata takarda da rubutun hannun Mohr, ɗauke da shekarar 1816 da sunan Gruber a matsayin mai kari.

Ambaliyar Salzach ta lalata cocin Saint Nicholas, aka rushe shi a farkon ƙarni na 20, aka kuma buɗe ƙaramin ɗakin ibada a gurbinsa a 1937. A 1914 waƙar na cikin waɗanda sojojin Jamus suka rera daga ramukan yaƙi, lokacin da su da na Birtaniya suka ɗan ajiye bindiga domin Kirsimeti. A 2011 an sa ta a jerin kayan gadon al'adun Ostiriya na hukumar UNESCO. Kabarin Mohr yana Wagrain, kusa da makarantar firamaren garin, wadda yau take ɗauke da sunansa.