John Baird, Wanda Ya Aika da Hoto ta Waya

An haifi John Logie Baird a ƙasar Sikotilan cikin 1888. Tun yana yaro ba shi da ƙoshin lafiya, amma akwai shi da son ƙere-ƙere. Da ya girma ya taɓa cinikin safa da na sabulu, ciwo ya yi ta katse masa hanzari.

Cikin 1923 sai ya duƙufa neman dabarar aika hoto nesa. Ba shi da kuɗi, saboda haka ya harhaɗa tsohon akwatin shayi da allurai da gilashin fitilar keke. Ya sa faifai mai huji da yawa yana juyawa, yana tsaga hoto layi-layi har 30. Hasken kowane layi ya kan zama lantarki, wuri mai haske da ƙarfi, wuri mai duhu da rauni. A can ɗaya gefen kuma fitila da wani faifai su mai da shi haske. Don tsananin sauri, ido sai ya ga hoto cikakke.

Ran 26 ga Janairu, 1926, ya nuna wa masana wannan abin mamaki a Landan. Cikin 1927 ya aika da hoto ta wayar tarho daga Landan har Glasgow.

Cikin 1937 BBC ta bar dabararsa, ta kama wadda ta fi ta. Duk da haka bai karai ba, ya ci gaba da binciken hoto mai launi har ya mutu cikin 1946.

Bayan mutuwarsa da shekara 16 aka buɗe gidan talabijin a Kaduna. Mai haƙuri ya kan dafa dutse.