Stig Anderson: Malamin firamaren da ya mai da waƙa hajar da Suwidin ke sayar wa duniya

Masu sauraron rediyo da suka manyanta sun san ABBA, ƙungiyar mawaƙan ƙasar Suwidin mai maza biyu da mata biyu, wadda muryarta ta cika duniya daga 1974 zuwa 1982. Sai dai a bayan waɗannan huɗun akwai mutum na biyar da ba ya hawa dandali, kuma shi ne ya sama musu kasuwa. Sunansa Stig Anderson, 'yan ƙasarsa na kiransa Stikkan, ya kuma rasu a 1997. Tarihinsa ya taɓo tambayar da har gobe take damun mawaƙa daga Garwa zuwa Marwa, daga Ngaundere zuwa Kano: idan waƙa ta bar bakin mai ita ta shiga duniya, aljihun wa kuɗinta ke faɗawa?

Tasowarsa

An haifi Stig Erik Leopold Anderson ranar 25 ga Janairun 1931 a Hova, wani ɗan ƙaramin gari a yammacin Suwidin. Mahaifiyarsa Ester ce ta raine shi ita kaɗai, da ɗan abin da take samu a ƙananan sana'o'i. Ya bar makaranta tun yana yaro ya shiga neman na kansa, daga baya ya koma karatu da ƙoƙarin kansa har ya samu takardar koyarwa, ya zama malamin firamare a Stockholm, babban birnin ƙasar. A lokacin wannan karatu ne ya haɗu da Gudrun, matar da ya aura, wadda daga bisani ta riƙa kula da lissafin kasuwancinsu.

Tun yana ɗan shekara 16 yake rubuta waƙa. Ya gwada rerawa da kansa, amma mutane sun fi karɓar waƙoƙinsa idan wasu suka rera. Shekaru da dama yana koyarwa da rana yana rubutu da dare, kuma a cikin waɗannan shekaru ya lura da wani abu: waƙa takan yi kasuwa, a ji ta a ko'ina, amma kaso mai tsoka ya tafi wurin kamfanin da aka danƙa wa haƙƙin mallakarta.

A 1959 ya rubuta wa mawaƙiya Lill-Babs wata waƙar barkwanci da ta karaɗe ƙasar. A wannan karo ya ƙi miƙa haƙƙin ga kowa. Ya riƙe abinsa, ya kafa kamfaninsa mai suna Sweden Music a 1960, ya ajiye alli ya rungumi harkar waƙa baki ɗaya.

Sana'ar da ya gano

A fadar Lamido, kamar ta Rai Buba ko ta Garwa, lada a hannu take. Mai kakaki da mai algaita da maroƙi suna yin aikinsu a gaban ubangida, a ba su riga ko doki ko kuɗi nan take. A gidan biki ma haka ne, a yi wa mawaƙi kari a watse. Tsarin da Anderson ya shiga dabam yake. A can waƙa dukiya ce mai rajista kamar gona ko gidan haya. Duk lokacin da gidan rediyo ya sa ta, ko aka buga ta a faifai, ko wani mawaƙi ya rera ta a gidan rawa, akwai ɗan kuɗin da ake biya. Wata ƙungiya mai suna STIM, wadda aka kafa a Suwidin tun 1923, ita ke tattara kuɗin da ake biya idan an sa waƙa a bainar jama'a, ta raba wa marubuta da kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin.

Anderson ya riƙa zuwa ƙasashen waje yana sayen izinin waƙoƙin da suka yi fice a Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai. Idan ya dawo sai ya sa musu baitoci da harshen Suwidin, ya ba mawaƙan gida su rera. Ta haka yake cin riba biyu, ta mai kamfani da ta marubuci. An ƙiyasta cewa waƙoƙin da ke ɗauke da sunansa sun kai kusan 3,000.

A 1963 shi da abokinsa Bengt Bernhag suka kafa kamfanin buga faifai mai suna Polar. Ƙaramin kamfani ne mai zaman kansa, a kasuwar da manyan kamfanonin waje suka mamaye. Mawaƙan farko da suka ɗauka wasu samari ne daga garin Västervik, waɗanda aka raɗa wa suna Hootenanny Singers. A cikinsu akwai Björn Ulvaeus. A 1966 Björn ya haɗu da Benny Andersson, mai kaɗa piyano a ƙungiyar rock ta Hep Stars, suka fara tsara waƙa tare. Anderson ya yi ta ƙarfafa musu gwiwa cewa wata rana waƙarsu za ta ƙetare iyaka. Da Bernhag ya rasu a 1971, sai samarin biyu suka gaje aikinsa na tsara faifai a Polar.

Daren Brighton

Björn da Benny sun fara sa muryoyin Agnetha Fältskog da Anni-Frid Lyngstad a waƙoƙinsu, suka fitar da faifan farko da sunayensu huɗu a 1972. Sunan ya yi tsawo, don haka Anderson ya riƙa haɗa haruffan farko yana cewa ABBA. Da yake akwai wani tsohon kamfanin kifin gwangwani mai wannan suna a ƙasar, sai da aka nemi yardarsa.

Matsalar ita ce manyan kamfanonin Landan da New York ba sa sauraron mawaƙi daga ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan takwas da 'yan kai ba, kuma harshenta bai wuce maƙwabta ba. Anderson ya ga ƙofa ɗaya a buɗe: gasar waƙa ta Eurovision, wadda ake nunawa kai tsaye a talabijin na ƙasashen Turai a dare guda. A 1973 suka shiga zaɓen cikin gida da waƙar Ring Ring, suka zo na uku. Bai karaya ba. Ya sake shiri, ya nemo suna guda da kowane Bature zai gane ba sai an fassara masa ba, wato Waterloo, filin da aka ci Napoleon da yaƙi a 1815, ya rubuta baitocin a kansa.

Ranar 6 ga Afrilun 1974, a garin Brighton na Ingila, ABBA ta lashe gasar, karo na farko da Suwidin ta taɓa yin nasara. Faransa ba ta shiga ba a shekarar saboda rasuwar Shugaba Georges Pompidou kwana huɗu kafin nan. Tun kafin a je Brighton, Anderson ya riga ya zagaya ƙasashe ya ƙulla yarjejeniya, yadda da an sanar da sakamako faifai na shirye ya shiga kanti. Waƙar ta zo ta ɗaya a Ingila, ta kuma shiga goman farko a Amurka.

Dabarunsa biyu sun cancanci a lura da su. Ta farko, ya ƙi sayar da ƙungiyar ga babban kamfani guda. Ya ba da izinin bugawa ƙasa-ƙasa na ɗan wa'adi: Epic a Ingila, Polydor a Jamus ta Yamma, Vogue a Faransa, Atlantic a Amurka, RCA a Ostireliya. Asalin sautin da haƙƙin waƙoƙin suka ci gaba da zama a Stockholm. Ta biyu kuwa harshe ce. An ɗauki Waterloo da harshen Suwidin da Ingilishi da Jamusanci da Faransanci, a 1980 kuma ƙungiyar ta fitar da faifai sukutum da Sifaniyanci domin kasuwar Latin Amurka. Bahaushen arewacin Kamaru, wanda ke Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a ofis, ba baƙo ba ne ga wannan lissafi.

Anderson ya sa hannu a rubuta baitocin manyan waƙoƙin ƙungiyar da dama, ciki har da Dancing Queen, wadda ta zo ta ɗaya a Amurka a 1977. A 1978 Polar ta buɗe katafaren situdiyonta a Stockholm, har ƙungiyar rock ta Ingila, Led Zeppelin, ta zo ta ɗauki faifai a ciki a ƙarshen shekarar. A da mawaƙan Suwidin ne ke tafiya Landan neman aiki, yanzu na Landan ke zuwa.

Suka a gida, saɓani da abokai

A waje ana tafa masa, a gida kuwa ya sha suka. A shekarun 1970 akwai ƙaƙƙarfan gungun mawaƙa masu ra'ayin gurguzu a Suwidin, waɗanda ke ganin bai dace a mai da waƙa haja ba, kuma Anderson ne suka ɗauka a matsayin fuskar abin da suke ƙi. Da Stockholm ta karɓi baƙuncin Eurovision a 1975, sai suka shirya nasu bikin na adawa, a 1976 kuma ƙasar ba ta shiga gasar ba. Shi ma ba mai shiru ba ne, yakan mayar da martani da zafi a jaridu da talabijin.

Babbar jarrabawar ta zo ne daga cikin gida. Haraji a Suwidin na da nauyi ƙwarai a wancan zamani, don haka aka riƙa zuba ribar ABBA a wasu harkoki: gidaje, cinikin man fetur, har da kamfanin kekuna na Monark. An tafka asara a wasu, jaridu suka yi ta yayatawa, mawaƙan suka gaji da ganin sunansu a shafin kasuwanci. Ƙungiyar ta daina aiki a 1982, zumuncin da ke tsakaninsu da shi ya yi sanyi.

A 1989 Anderson ya sayar da kamfanoninsa ga PolyGram, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ya daɗe yana ƙin miƙa wa wuya. A 1990 Björn da Benny da Agnetha suka kai shi ƙara, suna cewa kason da ake biyansu bai kai abin da aka yi alkawari ba. An sasanta a wajen kotu a 1991. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma abin lura shi ne mutumin da ya fara sana'a domin ya ga ana cin gumin marubuci, shi ne a ƙarshe mawaƙansa suka tuhuma da irin wannan laifi. A 1992 PolyGram ta tattara fitattun waƙoƙin ƙungiyar a faifan ABBA Gold, wanda aka sayar da miliyoyinsa, lokacin da dukiyar ta riga ta bar hannunsa.

Abin da ya bari

A shekarar da ya sayar da kamfanonin, ya ba Cibiyar Kiɗa ta Masarautar Suwidin kurona miliyan 42 domin a kafa lambar yabo ta Polar, da niyyar kiɗa ma ya samu abin da ya yi kama da lambar Nobel. An fara bayar da ita a 1992, Paul McCartney na cikin waɗanda suka fara karɓa, kuma Sarkin Suwidin ne ke miƙa ta. 'Yan Afirka sun samu rabonsu: Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu a 2002, Youssou N'Dour na Senegal a 2013, Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin a 2023.

Stig Anderson ya rasu ranar 12 ga Satumban 1997 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 66. Hanyar da ya share ba ta toshe ba. Roxette da Ace of Base sun bi ta, sannan ƙungiyoyin pop da rock da suka taso daga ƙananan garuruwa, irin su The Cardigans daga Jönköping da The Hives daga Fagersta. Max Martin, ɗan Stockholm, ya zama ɗaya daga cikin marubutan da manyan taurarin Amurka suka fi nema, kuma a wannan birni aka kafa Spotify a 2006.

Kamaru ma ta ɗanɗana wannan darasi. Manu Dibango ya fitar da Soul Makossa a 1972, shekarar da ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka. Da wani yanki na waƙar ya bayyana a faifan Thriller na Michael Jackson a 1982, Dibango ya bi kadinsa har aka sasanta da shi, domin an san waƙar da sunansa a rubuce. Ali Baba na Garwa, wanda ya rasu a 2004, sai da ya tafi Paris a shekarun 1980 kafin ya buga faifan da ya fitar da kiɗan arewa waje.

A yau saurayi a Garwa ko Marwa na iya ɗaukar waƙa a ɗaki guda, kafin dare ta isa Kano da Maraɗi da Njamena ta WhatsApp da YouTube. Yaɗa waƙa ya zo da sauƙi, kuma masu jin Hausa sun ninka mutanen Suwidin sau da yawa. Abin da ya rage shi ne ɓangaren da Anderson ya ƙware a kai, wanda kuma ya jawo masa ƙara a ƙarshen rayuwarsa: wa ya rubuta, wa ya mallaki asalin sautin, kason kowa nawa ne, kuma a wace takarda aka sa hannu. Kamaru ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Disamban 2000, hedkwatar hukumar OAPI ta ƙasashen Afirka kuma tana Yawunde. Kari a gidan biki yakan ƙare a daren, amma waƙoƙin da Anderson ya yi wa rajista shekara hamsin da suka wuce har yanzu suna kawo kuɗi ga masu haƙƙinsu.